Zoben Hatimi a Yatsan Nusaiba

Sabulu aka fara gwadawa. Lami ta kawo ruwa a kwano, ta zauna a gaban Nusaiba, ta murza mata kumfa a yatsan tsakiya na hannun dama har ya yi santsi, sannan ta kama zoben ta ja. Ya motsa kaɗan, ya zo gaɓa ya tsaya. Ta sake ja. Nusaiba ta cije leɓe, ba ta yi ƙara ba.

"Ya ƙi," in ji Lami. Matar yayan mijin Nusaiba ce, mace mai sanyin murya wadda ba ta iya kallon mutum cikin ido. "Bari in ɗauko man gyaɗa."

"Kada ki sa ƙarfi!" Inna Fanta, surukarsu, ta daka mata tsawa daga kan tabarma. "Wanga zobe ya girmi uban kowa a gidan nan. In kika lanƙwasa shi, mi za ki ce wa Alhaji?"

Nusaiba ta ɗaga kai ta dubi tsohuwar. Ta ji abin da aka ce a lallaɓa, kuma ba yatsanta ba ne.

Zoben hatimi ne na zinare, mai kauri da nauyi, da jan dutse a fuskarsa wanda 'yan gidan ke kira yaƙutu. A jikin dutsen an sassaƙa sunan kakan kakansu da ajami, a juye, yadda in an shafa masa tawada an danna a takarda sai sunan ya fito daidai. Duk wanda ya yi sarautar ƙauyensu, can gaba da Yasore, da wannan hatimi ya yi ta. Amma tunda namiji ba ya sa zinare, al'adar gidan ita ce zoben a hannun mace yake zama. Ba a sa shi a akwati, ba a binne shi. Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, yatsun Inna sun rame, zoben yana zame mata, sai ta kama hannun Nusaiba ana cikin gudu ta cusa mata shi, ta naɗe da tsumma kamar mai ciwo. Nusaiba ta kawo shi Batsari lafiya. Da suka sami gidan haya suka zauna, aka ce ta bar shi a nan, hannunta ya fi riƙe shi.

A lokacin cikinta bai fito ba. Yanzu ya tsufa. Ƙafafunta sun kumbura, hannuwanta sun kumbura, zoben ya fara nutsewa cikin nama.

Man gyaɗa bai yi ba. Man shanu bai yi ba. Aka dama karkashi aka tsoma hannun a ciki, aka sayo ƙanƙara, aka naɗe yatsan da zare ana warwarewa a hankali. Kowane gwaji sai ya bar yatsan ya fi na jiya girma.

Da hantsi, bayan Alhaji Uwaisu ya gama karin kumallo, Nusaiba ta je ƙofar ɗakinsa ta durƙusa. Shi ne yayan mijinta, shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinsu.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya nauyin jiki?"

"Da godiya. Yaya, ina so a kai ni asibiti a yanke zoben nan."

Ya ajiye kofin shayi. "A yi me?"

"A yanke shi. Jini ba ya wucewa. Duba." Ta miƙa hannun.

Ya duba, amma ta ga inda idonsa ya sauka. Kan dutsen ne.

"Ke 'yar boko ce," in ji shi, "komai asibiti, komai a yanke. Kin san abin da ke hannunki kuwa? Tun daga kakan kakanmu ba a taɓa sa wa zoben nan ƙarfe ba. Ranar da aka yanke shi, an yanke sarautar gidan nan. Kin san Abdulhakim yana neman rawanin. So kike ya je gaban hakimi ya ce hatimin gidan ya rabu biyu a hannuna?"

Abdulhakim ɗan baffansu ne. Tun da mai gari ya rasu suke ja da Alhaji Uwaisu a kan wa zai gaje shi. Garin da ake ja a kansa kuwa babu kowa a ciki. Ciyawa ta rufe ƙofofi, rumbuna sun zama toka.

"Yaya, zobe ne. Wannan kuwa yatsana ne."

"Ba wanda ya ce ba yatsanki ba ne. Kumburin masu ciki ne, kina haihuwa zai saɓe. Naɗi ma ya kusa. Ki yi haƙuri."

"In ya mutu kafin nan fa?"

"Rai da mutuwa na Allah ne. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Ba ta yi kuka ba. Tun tana makaranta a Safana ta saba, duk wanda ya so ya ga hawayenta sai ta hana shi gani. Ta koma ɗaki ta kira mijinta Nazifi, wanda ke aikin gini a Abuja.

Ya saurare ta, ta ji ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

"Nusaiba, Yaya ya kira ni tun jiya. Ya ce ba wani abu ba ne."

"Ka ga hoton da na tura maka?"

"Na gani. Waya tana ƙara wa abu girma."

"Wayar ce ta mai da shi jawur?"

"Don Allah kada ki haɗa ni da Yaya. Shi ya biya mana hayar gidan nan, shi yake ciyar da Inna. Ni mene ne nawa? Ki daure, ai ke jaruma ce."

Daga ranar aka hana ta zuwa awon ciki. Alhaji ya ce gari ya lalace, ba za a yi yawo da zinare a titi ba. Inna ta ɗauke tabarmarta daga gindin bango ta shimfiɗa a bakin zaure ta ciki, inda duk mai fita sai ya tsallake ƙafarta. Ko maƙwabta Nusaiba za ta leƙa, sai ta ji, "Ina zuwa, Malama?" Haka Inna ke kiranta in tana son ta yi mata gatse, don ta koyar a firamaren ƙauyen kafin a tashe su.

Yatsan ya tashi daga ja ya koma shuɗi-shuɗi. Yana bugawa kamar an sa masa zuciya tasa daban. In ta sauke hannun sai ta ji kamar zai fashe, don haka ta koma ɗaga shi sama, ta jingina gwiwar hannu da bango. Da hagu take ci, tana yin bisimilla tana neman gafara. Da hagu take wanka. Kitso ya gagare ta. Duk da haka ranar girkinta ba a ɗauke mata ba.

"Mu da muka haifi goma muna daka muna surfe," in ji Inna. "Yatsa guda ya hana ki tuƙa tuwo?"

Ta tuƙa. Ta riƙe muciya da hagu, ta tokare ta da ƙirji, hannun dama a sama kamar mai rantsuwa. Lami takan zo ta karɓa in Inna ta shiga banɗaki, ta mayar mata da sauri in ta ji tafiyarta.

Da fata ta tsage a gindin zoben, ruwa ya fara fita, sai Alhaji ya kirawo Usaini wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya tsuguna a tsakar gida, ya juya hannun sama da ƙasa.

"Alhaji, wannan ya wuce tsaga. Ni dai da za a ji tawa, a kai ta wurin likita."

"Ba shawara na kira ka ka ba ni ba. Ka zubar da mataccen jinin, kumburi ya sauka, zobe ya fita."

Wanzamin ya dubi Alhaji, ya dubi aljihun Alhaji, ya zaro aska.

"Ban yarda ba," in ji Nusaiba, ta janye hannun.

"Riƙe ta, Lami," in ji Inna.

Lami ta riƙe ta, tana kuka. Aka yi tsaga a bayan yatsan, baƙin jini ya ɗiga a ƙasa. Aka ja zoben. Bai zo ko gaɓa ba. Wanzamin ya shafa wani baƙin gari, ya naɗe da ƙyalle, ya karɓi abin da aka ba shi ya fita, bai waiwayo ba. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ta.

Cikin wannan zazzaɓin ne dattawan ƙauyen suka zo, waɗanda za su tsaya wa Alhaji a gaban hakimi. Abdulhakim ya baza magana cewa hatimin ya ɓace a gudun hijira, don haka suka ce sai sun gani da idonsu. Aka shimfiɗa musu darduma a zaure. Inna ta shigo ɗakin Nusaiba ta kwance ƙyallen, ta goge zoben da toka har ya yi ƙyalli, ta fesa wa hannun turare.

"Za ki tsaya bayan labule ki miƙa hannu kawai. Kada in ji bakinki."

Nusaiba ta tsaya bayan labulen zaure, jiri na ɗibarta, ta zura hannun. Ta ji an kama wuyan hannun ta kan hijabi, an juya shi zuwa haske.

"Allahu akbar. Shi ne. Na san shi tun a hannun kakarku."

"Dubi jan dutsen nan, kamar garwashi."

"A danna mu ga sunan."

Alhaji ya shafa wa dutsen tawada. Ya lanƙwasa yatsun Nusaiba ya mai da su dunƙule, ya kifa hannun a kan takarda, ya danna da ƙarfinsa duka. Wani abu ya tsarga mata daga yatsa har tsakar kai. Ta cusa gefen labulen a baki ta cije. Jaririn ya motsa a cikinta.

"Bai fito sosai ba. A sake."

Aka sake.

Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Alhaji, hannun yarinyar nan kuwa lafiya?"

"Ƙibar masu ciki ce. Muna kula da ita."

"To, madalla. Allah ya raba lafiya."

Suka shafa fatiha, suka ci goro. Nusaiba ta koma ɗaki da rarrafe.

Ta kira mahaifinta. Malam Abubakar Siddiƙ tsohon malamin makaranta ne a Safana, mutum mai gudun rigima. Ya hau babur ya zo duk da halin da hanya ke ciki. Amma a zaure aka tare shi. Aka kawo masa fura, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Safana ɗaya bayan ɗaya, aka yi jajen ɓarayi, aka yi zancen damina. Nusaiba tana jin su ta taga. Alhaji ya ce ai ɗiyarsu ce su ma, ya ce an kira mai magani, ya ce naɗi sati mai zuwa ne, washegarin naɗi da kansa zai kai ta Katsina in ta kama. Da aka shigo da Malam ya gan ta, Inna na zaune a bakin gado.

Ya dubi hannun, fuskarsa ta canza. "Hajiya, wannan ai..."

"Malam, mun karɓi ɗiyarka da mutunci. Ko an taɓa kawo maka ƙararmu?"

"A'a, ba a taɓa ba."

"To, ka bar mu mu yi abin da ya dace."

Nusaiba ta ce, "Baba, ka tafi da ni."

Ya sunkuyar da kai. "Gidan mijinki ne, Nusaiba. Ba zan ɗauke ki ba izininsa ba. Sun yi mini alkawari. Sati guda ne." Ya ajiye mata ƙwayoyin rage zafi a kan tabarma, ya fita yana gyara hula.

Sati ya zo, aka ɗaga naɗin, wai hakimi ya yi tafiya. Aka sake sa rana, aka sake ɗagawa, wai Abdulhakim ya kawo sabon ƙorafi. Yatsan ya fara wari. Inna ta ce warin na hana ta cin abinci, aka mai da Nusaiba ɗakin baya inda ake ajiye buhunan gero. Lami ke kai mata kunu, ta zauna kaɗan, ta ce, "Sannu," ta sake cewa, "Sannu," ta rasa na uku ta tashi.

Nusaiba ta sake kiran Nazifi. Wannan karon ba ta roƙe shi ba.

"Zan tafi asibiti, ko da izini ko babu."

Ya kashe wayar. Can sai ga Alhaji ya shigo tsakar gida da tasa wayar a hannu, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Faɗa mata da bakinka."

Muryar Nazifi ta fito tana rawa. "Nusaiba, kina ji na? In kika taka ƙofar gidan nan kafin a yi naɗi, a bakin aurenki."

"Kin ji dai," in ji Alhaji. "Ba ni na faɗa ba."

Ta ji. Ta zauna a kan buhun gero tana kallon cikinta. Ta yi tunanin haihuwa a gidan ubanta, da abin da za a ce a Safana, da ɗan da zai buɗe ido ba uba a kusa. Ta ƙara kwanaki tana daurewa, kuma daga baya waɗannan kwanakin ne ta fi jin haushin kanta a kansu.

Ranar wata Juma'a ta farka ta ji shiru a hannunta. Bugun ya tsaya. Zafin ya tafi. Ta kwance ƙyallen, ta ga yatsan ya yi baƙi tun daga zoben har farce, ya yi sanyi, wani jan layi kuma ya kama hanya daga bayan hannu zuwa sama. Ta zare allurar ɗinki daga gefen zanenta ta soka a kan yatsan. Ta ga allurar ta shiga. Ba ta ji komai ba.

Inna ta leƙo. "Yau ban ji nishinki ba."

"Ya daina ciwo."

"Kin gani? Da an biye miki da an lalata kayan tarihi a banza. Maganin Usaini ne ya kama."

Nusaiba ta jira har Alhaji ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya tafi masallaci. Sannan ta sa hijabinta, ta ɗauki katin awonta, ta nufi zaure. Inna na nan a kan tabarma, ƙafa a miƙe.

"Ina zuwa, Malama?"

"Asibiti."

"Kin manta abin da mijinki ya ce?"

"Ban manta ba. Inna, janye ƙafarki."

"Ni kike ce wa in janye ƙafa? Marar kunya! Lami! Zo ki kama ta!"

Lami ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tsaya. Ba ta matso ba, ba ta koma ba.

Inna ta cafki gefen hijabin. "Ki bar mana zobenmu, ki tafi duk inda za ki!"

Nusaiba ta fito da hannun ta kai shi dab da fuskar tsohuwar. "Ga shi. Cire."

Warin ya bugi Inna, ta kau da kai, ta saki hijabin. Nusaiba ta tsallake ƙafarta ta fita.

Titi ba kowa, duk masu babur sun tafi sallah. Da ƙafa ta tafi, rana a tsakar ka, tana tsayawa tana dafa bango, tana jin huɗuba daga lasifika. A ƙofar asibiti ta zube a ƙasa. Wata nas mai suna Rashida ce ta ɗaga ta. Da ta buɗe hannun sai ta ce, "Innalillahi! Wane ne ya bar ki haka?" Ta ruga ta kira likita.

Likitan ya duba, ya latsa, ya bi jan layin da ido har gwiwar hannu.

"Yatsan ya mutu," in ji shi. "Da kin zo da wuri, zoben kawai za mu yanke ki koma gida. Yanzu dole a cire yatsan yau, in ba haka ba zai ci hannun, ya taɓa abin da ke cikinki. Ina mijinki? Ana bukatar wanda zai sa hannu."

"Ba ni da miji. Aurena ya mutu ɗazu a bakin ƙofa. Ni zan sa."

Ta dangwala da babban yatsan hagu.

Ana shirya kayan aiki sai ga Alhaji Uwaisu ya faɗo ɗakin, babbar riga a kafaɗa, yana haki. Bai dubi fuskarta ba. Hannun ya nema da ido, da ya ga zoben yana nan sai ya sauke numfashi.

"Likita, ni ne babban gidan. Kada a taɓa zoben nan."

"Alhaji, yatsan za mu cire. Ya riga ya mutu."

Nusaiba tana kallon Alhaji, ta ga lokacin da lissafin ya faɗo masa, ta ga fuskarsa ta saki.

"Allah ya ƙaddara," in ji shi. "Allah ya ba ta lada. To, likita, tunda abin ya zo da haka, ai ba sai an yanke zoben ba ke nan. In an cire yatsan, sai a zare shi ta ƙasa lafiya lau. Ko ba haka ba?"

Rashida ta saki baki tana kallonsa. Likitan ya juya wurin Nusaiba.

"Ana iya yin hakan," in ji shi. "Ana iya yanke shi kuma, aikin ya fi mini sauƙi. Hannunki ne. Me kika ce?"

"A fara yanke zoben."

"Ke!" Alhaji ya yi tsawa. "Me zai ƙara miki? Yatsan ya riga ya tafi!"

"Na sani, Yaya. A yanke shi."

"Don Allah, Nusaiba. Don girman Allah. Zan sa Nazifi ya mai da ke yau ɗin nan. Ki dubi Inna. Ki dubi abin da ke cikinki, gadonsa ne shi ma."

Tun da ta shigo gidansu, ranar ce ya fara kiran sunanta da taushi. Ta miƙa wa Rashida hannun.

"Alhaji, fita waje," in ji likita.

Bai fita ba, sai da masu gadi suka riƙe shi a bakin ƙofa. Daga nan ya ji kukan ɗan zarton yana cin zinare. Zoben na da kauri, sai da aka yanka shi ta gefe biyu. Ya faɗa cikin kwanon ƙarfe, ɓari biyu, da jini da mugunya a jikinsa. Nusaiba ta ce a miƙa masa haka nan, kada a wanke.

Daga asibiti Safana ta wuce. Mahaifinta ne ya zo ɗaukarta. A Batsari kuwa magana ta zaga gidajen 'yan ƙauyensu. Aka ce boko ya ɓata ta. Aka ce ta tsallake ƙafar surukarta. Aka ce ta kashe aurenta da kanta, ta nemi karya kayan kakanni don ƙeta. Mata suka yi ta zuwa yi wa Inna jaje. Ba a aiko ko mutum ɗaya ya duba hannun ba.

Ta haifi 'ya mace. Ta koyi ɗaura zane da yatsu huɗu, ta koyi riƙe alli tsakanin babban yatsa da manuni ba mai tokare shi. Wani lokaci yatsan da babu shi yakan yi mata ƙaiƙayi, ta kai hannu ta sosa iska.

Bayan ta yi arba'in Lami ta zo barka, ita kaɗai, a ɓoye, da ɗan sabulu da atamfa a leda. Ta ɗauki jaririyar, ta yi mata wasa, sannan ta ba da labari da ƙaramar murya. Alhaji ya kai zoben wurin wani maƙerin zinare a Katsina. Kafin ya gama cin abincin rana an liƙe shi, an goge, ko tabo babu. Ya dawo ya sa kowa a gidan ya rantse ba zai faɗa wa kowa an taɓa yanke shi ba. An yi naɗi, an yi kiɗa. Yanzu shi ne mai garin, yana zaune a gidan haya a Batsari, garin kuwa har yau ba wanda ya koma.

"Kafin ya gama cin abinci," in ji Nusaiba.

"Haka ya ce."

Nusaiba ta dubi gurbin da ke tsakiyar hannunta. Da Lami ta miƙo mata jaririyar, hijabinta ya zame, jan dutsen ya yi walƙiya a yatsanta na tsakiya. Nusaiba ta bi ta da kallo daga hannu zuwa fuska, daga fuska zuwa ƙafafu. Ta ga yadda silifa suka matse ta.

"Lami, wata nawa?"

Lami ta sunkuyar da kai. "Biyar."

"Cire shi yanzu, tun yana fita. Ki rataya a wuya, ki ɗaure a zane, ki yi duk yadda za ki yi. Cire shi a gabana."

Lami ta kama zoben ta murza. Ya juya da ƙyar, ya zo gaɓa. Ta tsaya nan tana kallonsa.

"Alhaji ya ce ba a raba shi da yatsa," in ji ta. Ta mai da shi mazauninsa, ta ja hijabi ta rufe hannun, ta ce bari ta tashi kada yamma ta yi mata a hanya.